Wa Zai Saurara? Fashin Baƙi Kan Kaɗaici a Fitattun Gajerun Labaran Duniya

Duk wanda ya natsu ya karanta fitattun gajerun labaran da aka rubuta tsakanin shekarun 1840 da 1930, daga Rasha zuwa Amurka, daga Ailan zuwa ƙasar Sin, zai lura da abu guda da yake ta dawowa ta fuskoki daban-daban: mutum yana tsakiyar jama'a, ana ba shi aiki ko abinci ko sadaka, amma babu wanda ya san abin da ke cinsa a rai. Ba kasafai ake samun wanda ya ɓata a daji ba. Masu kaɗaicin waɗannan labarai direbobi ne a kan titi mai cunkoso, akawuna ne a ofis, 'ya'ya ne a gidan iyayensu, 'yan aiki ne a gidan da ake hidimar biki. Idan aka tayar da wannan zance a tsakanin masu sha'awar adabi a nan Gusau, amsar da ake saurin bayarwa ita ce wannan ciwon Turawa ne, mu kuwa muna da zumunci da majalisa da gaisuwar da ba ta ƙarewa. A ganina wannan amsa ta yi gaggawa, kuma labaran da kansu suna nuna dalili.

Wanda ya fi fito da lamarin fili shi ne labarin da marubucin Rasha Anton Cekof ya wallafa a wata jaridar birnin San Fitasbag a watan Janairun 1886, yana matashin likita da bai wuce shekara 26 ba. Iyona tsoho ne mai tuƙa keken doki na haya. Ɗansa Kuzma ya rasu a asibiti cikin makon, bayan jinyar kwana uku, shi kuwa ya fito neman abinci da magariba ana zuba dusar ƙanƙara. Fasinjansa na farko hafsan soja ne. Iyona ya waiga, leɓunansa suna motsi, da ƙyar ya iya cewa ɗansa ya rasu. Hafsan ya tambayi abin da ya kashe shi, amma ba a je ko'ina ba ya ce a ƙara sauri, sannan ya rufe idanunsa. Bayansa sai samari uku masu hayaniya suka yi tayin kofek 20, kuɗin da bai kai ladan tafiyar ba, Iyona ya karɓa don dai ya ji motsin mutane a bayansa. Suna zaginsa, ɗaya har ya kai masa duka a ƙeya, shi kuwa yana dariya, domin zagin ya fi masa sauƙi a kan shirun da ke jiransa idan sun sauka. Da ya sami sarari ya faɗa musu rashin da ya yi, mai ƙusumbin cikinsu ya ce ai kowa ma zai mutu. Mai gadin wani gida ya kore shi daga bakin ƙofa. A masaukin direbobi wani saurayi ya tashi shan ruwa, Iyona ya soma magana, kafin ya ƙarasa yaron ya lulluɓe kai ya koma barci. Daga ƙarshe tsohon ya nufi barga, ya tsaya gaban goɗiyarsa tana tauna ciyawa, ya tambaye ta yadda za ta ji da a ce tana da duƙushi ya mutu, sannan ya kwashe labarin duka ya faɗa mata.

Abin lura a nan shi ne Cekof ya bayyana ainihin abin da Iyona yake nema, kuma ba kuɗi ba ne, ba ma tausayi kawai ba. So yake ya ba da labarin a tsanake, daki-daki: yadda ciwon ya fara, yadda yaron ya sha wahala, abin da ya ce kafin ya cika, yadda aka binne shi, yadda shi uban ya koma asibiti karɓo tufafinsa, da kuma 'yarsa Anisiya da ta rage a ƙauye. Yana kuma so mai sauraron ya yi ajiyar zuciya, ya jajanta. Bahaushe ya san wannan buƙata sarai, domin ita ce zaman makoki yake biya. Mai ta'aziyya yakan tuɓe takalmi, ya zauna a tabarma, ya ce "Ya haƙuri?", a yi addu'a a shafa, sannan wani ya tambaya, "Ya jima yana jinya ne?" Wannan tambaya ita ce ƙofar da ake buɗe wa mai rashi, ya faɗi yadda aka kai mamacin asibiti da yadda aka dawo da shi, ya sake faɗa wa wanda ya zo bayan azahar, ya sake faɗa wa baƙin da suka iso daga Ƙaura Namoda da yamma, har maganar ta yi masa sauƙin ɗauka. Iyona ya rasa wannan ne saboda ba a garinsu yake ba. Bayan an 'yanta talakawan da ke ɗaure da gonakin masu ƙasa a Rasha a 1861, ɗimbin manoma sun riƙa kwarara birane neman kuɗi, da yawansu suna tuƙin keken doki. Ɗan cin rani ne, kamar saurayin da ya baro ƙauyensu yake kabu-kabu a Gusau ko Birnin Kebbi, yana ɗaukar mutane tun safe har dare, ƙirjinsu na taɓa bayansa, babu wanda ya san sunansa.

A wannan gaɓa masu cewa ciwon birni ne suna da hujja, kuma labarai biyu da suka riga na Cekof suna ƙara mata ƙarfi. A 1842 Nikolai Gogol ya fitar da labarin Akaki, akawun da ba ya komai sai kwafar takardu a wata ma'aikatar gwamnati, albashinsa rubul 400 a shekara, abokan aikinsa suna yayyaga takarda suna watsa masa a ka. Don ya tara rubul 80 na sabuwar rigar sanyi, sai da ya daina shan shayin dare, ya daina kunna kyandir, ya riƙa taka ƙasa a hankali kada takalminsa ya cinye. Ranar da ya fara sa rigar aka kula da shi, aka gayyace shi walima, a daren kuma ɓarayi suka ƙwace ta. Babban jami'in da ya kai wa kuka ya daka masa tsawa, zazzaɓi ya kama shi, ya mutu. Ma'aikatar ba ta san ya mutu ba sai bayan kwanaki, da aka aiki masinja ya kira shi bakin aiki, kashegari kuma wani ya zauna a kujerarsa.

Na Haman Melbil, wanda ya fito a wata mujallar Amurka a 1853, ya fi wannan wuyar sha'ani, domin babu azzalumi a cikinsa. Batulbi shi ma mai kwafar takardu ne, a ofishin wani lauya a Niyu Yok, an ajiye shi bayan wani labule na katanga, tagarsa tana kallon bangon da bai fi taku uku da ita ba. Wata rana ya soma amsa kowane umarni da cewa shi dai ya fi son kada ya yi, har ya daina aikin gaba ɗaya, ya kuma ƙi barin wurin. Lauyan, wanda shi ne mai ba da labarin, mutumin kirki ne: bai kira 'yan sanda ba, ya ba shi dala 20 a kan haƙƙinsa, da abin ya gagara sai shi lauyan ya kwashe kayansa ya sauya ofis, daga baya ma ya yi masa tayin ya zo gidansa ya zauna. Ko da aka kai Batulbi gidan yari, lauyan ya bi shi, ya biya mai dafa abinci don a kula da shi, amma ya ƙi ci har ya mutu a gindin katanga. Manazarta sun daɗe suna saɓani kan ma'anar wannan labari. Abin da ni na ɗauka shi ne kowace kyauta da lauyan ya yi tana ɗauke da fatan a rabu lafiya, ya sami kwanciyar hankalinsa, kuma Batulbi ya gane haka. Akwai sadakar da ake bayarwa don a jawo mutum kusa, akwai wadda ake miƙawa don ya matsa daga ƙofar gida, kuma mai karɓa ba ya rikita su.

Marubucin Ailan Firank Okono, a littafin nazarin da ya fitar a farkon shekarun 1960, ya kafa hujja da labarin Gogol ya ce gajeren labari ba shi da jarumi irin na dogon littafi, abin da yake da shi su ne mutanen da al'umma ta danne a ƙarƙashinta, kuma kaɗaicin ɗan Adam shi ne jigonsa na asali. Akwai gaskiya a ciki, kuma tsarin rubutun kansa yana taimakawa. Dogon littafi yana da filin da zai aurar da mutum, ya haɗa shi da dangi, ya sulhunta shi da maƙiya. Gajeren labari dare ɗaya yake kamawa ko 'yan kwanaki, ya haska mutum guda, ya tsaya kafin agaji ya iso.

Sai dai hujjar birni da baƙunta tana fara rauni idan aka zo kan Faranz Kafka. Labarinsa na 1915 a cikin gida yake faruwa, tsakanin uwa da uba da ƙanwa. Giregor Samsa ɗan tallan yadi ne da ke yawo gari-gari don biyan bashin da ake bin iyayensa, ya wayi gari ya rikiɗe ya zama wani ƙaton ƙwaro. Masu karatu kan tsaya a kan rikiɗar, alhali abin da ya fi ciwo shi ne yana jin duk abin da ake faɗa, shi kuwa ba a gane maganarsa, kuma babu wanda ya taɓa zaton yana fahimta. Da farko shi yake kulle ƙofofinsa daga ciki, daga baya makullan suka koma waje. Ƙanwarsa Gireta, wadda ta fi kowa tausayinsa, ita ke kawo masa abinci tana share ɗakin. Sannu a hankali ta gaji, ta koma tura kwanon da ƙafa, kuma ita ce ta fara furta cewa dole a rabu da shi. Ranar da ya mutu iyalin suka ɗauki hutu suka fita shan iska. Kafka bai mai da su mugaye ba, mutane ne da talauci da doguwar jinya suka cinye. Duk wanda ya taɓa ganin magidancin da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, wanda a watan farko ɗakinsa ba ya rabuwa da 'yan dubiya, bayan shekara kuwa ana maganarsa a gabansa kamar ba ya nan, ana tambayar matarsa "Ya mai jiki?" alhali ga shi kwance idonsa biyu, ya san ba sai an je Turai za a ga wannan ba.

Labarin da ya kamata mai karatu na wannan yanki ya fi tsayawa a kansa shi ne wanda Lu Shun na ƙasar Sin ya rubuta a 1924, domin a ƙaramin gari yake, inda kowa ya san kowa, ake girmama al'ada, ake hidimar sabuwar shekara tare. Matar da labarin yake kanta ba a ma kiranta da sunanta, sai dai matar Shiyanlin. Mijinta ya mutu, ta gudo ta kama aikatau a gidan wani mai hali, uwar mijin ta sa aka kamo ta aka aurar da ita dole a cikin duwatsu don a sami kuɗin auren ƙanin mijin. Miji na biyu ma ya mutu da zazzaɓi, sannan kyarkeci ya ɗauke ɗanta Amao yana zaune a bakin ƙofa yana ɓare wake. Ta dawo gidan aikinta na da, tana ba kowa labari da kalmomi iri ɗaya, tana farawa da cewa ita ce wawiya, ta san namun daji suna shigowa gari lokacin ƙanƙara, ba ta san suna zuwa da bazara ba.

Nan ne Lu Shun ya ga abin da Cekof bai nuna ba. Ita an saurare ta. Maza suka daina murmushi suka kau da kai, mata suka yi hawaye, tsofaffin da ba su ji da kunnensu ba suka yi takanas suka zo don su ji, suka share hawaye suka koma gida da abin tattaunawa. Amma ba a daɗe ba kowa ya haddace labarin, tana buɗe baki sai a riga ta ƙarasawa, a tashi a bar ta, daga baya ma ya zama abin tsokana. A gidan aikin kuma an hana ta taɓa kayan hidimar kakanni, wai mace mai mutuwar miji biyu ba ta da tsarki. Wata abokiyar aikinta ta tsorata ta da azabar lahira, ta ba ta shawarar ta sayi dokin ƙofa ta ba wurin bauta don ya zama fansarta. Ta tara ladan aikinta na kusan shekara ta saya, ta dawo da haske a fuska, ranar hidima ta miƙa hannu za ta ɗauki kofuna, uwargida ta daka mata tsawa ta ajiye. Daga ranar ba ta sake zama daidai ba, aka sallame ta, ta koma bara, ta mutu a daren da garin yake shagalin sabuwar shekara.

Wannan ya fi kusa da mu fiye da yadda muke so mu yarda. Hare-haren 'yan bindiga sun koro mutane daga ƙauyukan Zurmi da Maradun da Anka da Tsafe da Shinkafi, da yawansu mata da yara, suna fakewa a kangaye da gidajen 'yan uwa a cikin Gusau da sauran manyan garuruwa. Lokacin da abin yake sabo, idan mace ta tsaya a ƙofar gida ta ce an kashe mijinta an kore musu shanu, akan shigo da ita, a ba ta ruwa, a zauna a ji, a yi salati. Yanzu labarin ya yi yawa, kowa ya ji irinsa, har ya zama da ta fara sai a miƙa mata abin da ya samu a ce "Allah ya kyauta, baiwar Allah", ko a ce "A yi haƙuri" tun daga zaure. Ban ce mutane sun zama marasa imani ba. Su ma suna fama da tsadar hatsi da fargabar hanya, kuma kunne yana gajiya kamar yadda hannu yake gajiya. Abin da nake cewa shi ne al'adunmu na jaje an gina su ne a kan mutuwar da ke zuwa ɗaya bayan ɗaya, ga mutumin da ke zaune cikin danginsa: kwana uku na zaman makoki, sadakar bakwai da ta arba'in ga masu yi, takaba ta wata 4 da kwana 10. Ba a tsara su don wadda ta rasa miji da ɗa da gida da garin gaba ɗaya a dare guda ba, wadda ba ta ma sami tabarmar da za ta zauna a zo mata gaisuwa ba. Kalmar haƙuri, wadda ita ce mafi daraja a bakinmu, tana iya zama magani idan an faɗe ta bayan an saurara, tana kuma iya rufe bakin mai magana idan an faɗe ta tun bai fara ba.

Wani zai ce mai imani yana da inda zai kai kukansa, kuma haka ne. A cikin Suratu Yusuf, Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ce shi ga Allah kaɗai yake kai ƙarar baƙin cikinsa. Amma yana da kyau a duba ayar da ta gabaci wannan, inda 'ya'yansa suka ce masa ba zai daina ambaton Yusuf ba har sai ya lalace ko ya halaka. Wato sun gaji da ji. Komawarsa ga Ubangiji ɗaukaka ce a gare shi, amma ba ta zama yabo ga waɗanda suka ƙosa da shi ba. Addinin da ya sanya gaida mara lafiya da rakiyar gawa cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan uwansa bai ɗauke wa maƙwabci nauyi ba don kawai ƙofar addu'a tana buɗe.

Ba kowane kaɗaici ne laifin jama'a ba, kuma adalci ne a faɗi haka. A cikin tarin labaran marubucin Ailan Jemis Jois na 1914 akwai wani ma'ajin banki a Dablin da ya tsara rayuwarsa don kada kowa ya shige ta. Wata matar aure da mijinta ya yi watsi da ita ta saba da hira da shi, ranar da ta kama hannunsa ta ɗora a kumatunta ya yanke hulɗa da ita. Bayan shekara 4 ya karanta a jarida cewa jirgin ƙasa ya take ta, ta kuma faɗa shaye-shaye kafin nan. Da farko ƙyama ya ji, sai can cikin dare ya gane irin zaman da ta yi ita kaɗai, da irin wanda shi ma yake yi. Ba yanke hulɗar ne abin zargi ba, domin matar wani ce. Abin zargin shi ne tsawon lokacin da suka yi suna hira, kansa kawai yake saurare.

Akwai darasin fasaha a nan ga masu rubuta gajerun labarai da Hausa, waɗanda suka ƙaru sosai tun da sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata a 2016. Tatsuniyarmu ta san marainiya da kishiyar uwa, ta san wanda aka tsana a gida, amma ana yin ta ne a tsakar gida, mai bayarwa ta ce "Ga ta nan, ga ta nan ku", yara su amsa "Ta zo mu ji ta", don haka tun kafin a fara an tabbatar akwai masu sauraro, kuma kusan kullum marainiyar takan auri ɗan sarki. Wannan gado ya bi mu cikin rubutu: muna son a saka wa wanda aka zalunta, a tona asirin mugu, a rufe da nadama. Marubutan da na ambata sun ƙi yin haka da gangan, kuma sun ƙi ba mai karatu mugun da zai tsana ya huta. Lu Shun ya fi kowa tsanantawa, domin ya sa labarin a bakin ɗan boko mai tausayi da ya zo garin ziyara. Matar ta tare shi a bakin kogi, ba ta roƙe shi kuɗi ba, ta tambaye shi ko rai yana wanzuwa bayan mutuwa, ko iyalin da suka mutu suna sake haɗuwa, tunda shi mai ilimi ne da ya ga duniya. Ya yi ta inda-inda, ya ce wataƙila, ya ce ba shi da tabbas, ya sulale ya bar ta a tsaye, sannan ya kwantar da hankalinsa da shirin komawa birni kashegari. Mai karatu ba ya iya ganin kansa a cikin uwar mijin da ta sayar da ita, amma da wuya ya kauce wa ganin kansa a cikin wannan mutum, domin shi ne mai karatu da rubutu a labarin, shi ne kuma wanda ta zaɓa ta tambaya.